Shekara 62 Ana Neman Mai Laifi: Tarihin Cutar Kashin Mage da Sauran Masu Satar Gani



A ƙasar Hausa idan ganin mutum ya fara dushewa, dalilan da ake kawowa sanannu ne. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce gado ne, wani ya ce jifa ne ko kambun baka. Da wuya ka ji an ambaci magen da ke kwance a gindin murhu. Ba mu kaɗai ba ne muka tsallake ta. Su kansu masanan duniya sai da suka shekara 62 suna ganin wata ƙwayar cuta a jikin dabbobi da idanun mutane kafin su gano inda take fitowa. Tarihin wannan nema za mu bi yau, daga nan mu jera cutar da sauran abubuwan da ke makantar da jama'a, domin mu san girman kowanne.

FARKON GANI

A shekarar 1908, a Cibiyar Pasteur da ke birnin Tunis, wasu likitoci biyu 'yan Faransa, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suna binciken wata cuta daban. Dabbar da suke gwaji da ita wani ɗan ɓeran duwatsu ne na Arewacin Afirka da ake kira gundi. Da suka sa naman hantarsa da saifarsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai suka ga wata halitta 'yar mitsitsiya, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Da farko sun ɗauka wadda suke nema ce, daga baya suka gane sabuwa ce. A 1909 suka raɗa mata suna Toksoplasma gondi. Kashin farko na sunan daga Girkanci yake, yana nufin mai siffar baka, irin bakan harbi. Na biyun kuwa daga sunan ɓeran.

A wannan shekara ta 1908 dai, a birnin Sao Paulo na ƙasar Birazil, wani likita haifaffen Italiya mai suna Alfonso Splendore ya ga irin wannan halitta a jikin zomo. Teku guda ce tsakanin ɓeran Tunis da zomon Birazil, amma babu wanda ya tsaya a kan tambayar da ta kamata: me ya haɗa su? Nicolle ya ci gaba da wasu ayyukan, har ya samu kyautar Nobel a 1928 saboda gano cewa ƙwarƙwata ce ke yaɗa wani mugun zazzaɓi. Ita kuwa ƙwayar gundi aka bar ta a littattafai a matsayin abin da ya shafi dabbobi.

JARIRAI BIYU

A 1923 wani likitan ido a birnin Prague, Josef Janku, ya duba idon wani yaro ɗan wata 11 da ya rasu bayan fama da taruwar ruwa a kai. A tantanin da ke shimfiɗe can bayan ido, wanda shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa, ya ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle cike da ƙwayoyi. Ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla, sai daga baya wasu suka fahimci cewa ƙwayar nan ce ta Tunis.

Tabbacin ya zo daga New York. A 1938 aka haifi wata yarinya ta hanyar tiyata a wani asibitin yara na birnin. Kwana uku da haihuwa ta fara jijjiga, aka leƙa idanunta aka ga rauni a tsakiyar tantanin gani na duka biyun. Wata ɗaya ta yi a duniya. Likitoci uku, Abner Wolf da David Cowen da Beryl Paige, suka ɗebi wani yanki na ƙwaƙwalwarta suka sa wa zomaye da ɓeraye, dabbobin suka kamu, aka kuma fitar da ƙwayar daga jikinsu. Rahotonsu na 1939 ya tabbatar da abu biyu: ƙwayar tana kama ɗan Adam, kuma tana iya tsallakawa daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne iyaye matan irin waɗannan jarirai yawanci lafiyarsu lau, ba su ma san sun taɓa kamuwa da komai ba.

GWAJIN SHUƊIN RINI

Wanda ya warware wannan ƙulli mutum ne da aikinsa ya shiga kusan kowane gida a Arewa, ko da ba a san sunansa ba. Albert Sabin, wanda daga baya ya samar da allurar shan inna ta ɗigawa a baki, shi da Harry Feldman suka fito da wani gwajin jini a 1948. Dabarar mai sauƙi ce. Ƙwayar mai rai tana shan wani shuɗin rini ta rine. Idan aka haɗa ta da ruwan jinin mutumin da ya taɓa kamuwa, sojojin garkuwar jikinsa sukan lalata ta, sai ta ƙi rinuwa. Rashin launin shi ne shaidar cewa cutar ta taɓa ratsa jikin mai jinin.

Da aka fara gwada jama'a ƙasa-ƙasa, sai abin ya ba da tsoro. Cutar da ake zaton sai an tona ashe ta cika duniya. Ƙiyasin da ake yi a yau shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya na ɗauke da ita. Mafi yawa ba sa jin komai, wasu kuma ɗan zazzaɓi ne da kaluluwa a wuya, su wuce. Amma ƙwayar ba ta barin jiki. Takan dunƙule cikin 'yan ƙulle-ƙulle a tsoka da ƙwaƙwalwa da ido, ta yi lamo har ƙarshen rayuwar mutum.

MATAR DA TA SAKE DUBA TSOFAFFIN IDANU

A wancan zamani, idan babba ya zo da kumburi a bayan ido, likitoci kan ɗora wa tarin fuka ko tunjere. Idon da ya lalace a cire shi, a aika da shi ɗakin bincike. A cibiyar nazarin cututtuka ta sojojin Amurka da ke Washington akwai tarin irin waɗannan idanu, kuma akwai wata mata mai suna Helenor Campbell Wilder da ke kula da su. Ba ta da digirin likita, amma ta shekara da shekaru tana yanka su siriri-siriri tana dubawa.

Sau biyu ta kunyata abin da aka daɗe da yarda da shi. A 1950 ta duba idanun yara da aka cire bisa zaton ciwon daji ne, ta tarar da yawa daga cikinsu 'ya'yan tsutsa ne suka shiga. Daga baya aka gane tsutsar cikin karnuka ce, wadda mage ma ke da irin tata, kuma yara na haɗiye ƙwanta wajen wasa da ƙasa. A 1952 kuma ta ba da rahoton idanu 53 na manya, waɗanda galibi aka yi wa kallon na tarin fuka, ta nuna ƙwayar Toksoplasma ce kwance a cikinsu. Daga nan aka san cewa cutar ba ta tsaya ga jarirai ba. Yau an san ita ce kan gaba a duniya cikin ƙwayoyin da ke kumbura tantanin bayan ido.

Yadda take ɓarna shi ne: ƙulli ya fashe, ƙwayoyin su cinye wani yanki na tantanin, jiki ya taso da yaƙi, wurin ya kumbura. Mutum ya fara ganin hazo da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a gabansa. Bayan makonni wutar ta lafa, ta bar tabo. Idan tabon a gefe yake, mai shi ba lalle ya lura ba. Idan a tsakiya ne, inda ake karatu da gane fuska, to wannan ganin ya tafi. Bayan shekaru kuma wani ƙullin na iya sake fashewa a bakin tsohon tabon. A 1953 Don Eyles da Nell Coleman suka nuna cewa haɗa wasu magunguna biyu, ɗaya daga dangin salfa, ɗaya kuma maganin zazzaɓin cizon sauro, yana kashe ƙwayar idan ta fito fili. Har yanzu ana amfani da wannan haɗi, amma ba ya kaiwa ga waɗanda suka ɓuya a ƙulli, ba ya kuma goge tabo.

TA INA TAKE SHIGA?

An san uwa na ba ɗanta. To ita uwar a ina ta samo? Zargi na farko ya faɗa kan nama. A 1960 Leon Jacobs da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin da ke cikin ƙullin suna jure ruwan narkar da abinci na ciki. A 1965 kuma Georges Desmonts ya kawo hujja daga wani asibitin yara masu tarin fuka a yankin Paris, inda ake ba yaran nama mai ɗanye-ɗanye bisa tunanin zai ƙara musu ƙarfi. Adadin masu kamuwa a shekara ya tashi daga kashi 10 cikin 100 zuwa kashi 50 da aka ƙara musu naman sa ko na doki wanda bai gasu ba, ya kuma kai kusan dukansu da aka kawo naman ɗan rago.

Sai dai nama bai amsa komai da komai ba. Tun 1959 wani bincike a Bombay ta ƙasar Indiya ya nuna cewa waɗanda ba sa cin nama sam suna ɗauke da cutar kusan daidai da masu ci. Ga kuma tumaki, waɗanda ciyawa kawai suke ci, amma tun shekarun 1950 aka gano a New Zealand cewa ƙwayar na sa su ɓari garke-garke. Tunkiya ba ta cin tsire. Dole akwai wata ƙofa.

A 1965, William Hutchison, masani a Jami'ar Strathclyde da ke Glasgow, ya ciyar da mage naman da ke ɗauke da ƙwayar, ya tara kashinta ya jiƙa a ruwa, ya ba ɓeraye. Ɓerayen suka kamu. Ya kuma ga cewa ko bayan watanni masu yawa abin da ke cikin ruwan bai mutu ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Amma fassarar da ya ba abin ba ta tsaya ba. Magensa na da tsutsar ciki, sai ya ɗauka ƙwayar a cikin ƙwan tsutsar take ɓuya. A 1969 wasu suka maimaita gwajin da magen da ba ta da tsutsa ko ɗaya, kashinta ya ci gaba da yaɗa cutar.

A 1970 aka kai ƙarshen zance. Ƙungiyoyin masana da dama, kusan lokaci guda, suka sanar da abu ɗaya. Cikinsu akwai Jacob Frenkel da J. P. Dubey da Nancy Miller a Jami'ar Kansas ta Amurka, da shi Hutchison tare da abokan aikinsa na Denmark. A hanjin mage ne kaɗai, ita da danginta irin su zaki da damisa, ƙwayar ke barbara ta yi ƙwai. Duk sauran masu ɗauke da ita, ɓera, tsuntsu, akuya, ɗan Adam, zango ne kawai a hanya. Mage ta ci ɓeran da ya kamu, ta zubar da miliyoyin ƙwai a kashinta na tsawon mako ɗaya zuwa uku, tunkiya ko ɓera su haɗiya a ciyawa ko hatsi, zagayen ya sake komawa. Binciken da aka yi a wasu tsibiran tekun Fasifik da babu mage ya ƙara ƙarfafa wannan, domin cutar kusan babu ita a can.

Akwai abu biyu game da ƙwan da ya kamata kowa ya riƙe. Na ɗaya, ba ya kama mutum nan take. Sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ya nuna. Na biyu, idan ya nuna, yana iya wuce shekara da ransa a ƙasa mai laima.

RUWAN SHA

Bayan gano mage, sai ɓarkewar cutar a wurare daban-daban ta fara ma'ana. A 1977 mutum 37 suka kamu a wani bargar dawaki a Atlanta, inda maguna ke kashi a ƙasa mai ƙura. A 1979 sojojin Amurka da ke atisaye a dajin Panama suka kamu bayan shan ruwan wani rafi. A 1995, a birnin Victoria na ƙasar Kanada, aka tabbatar da mutum 100 da suka kamu, kusan 20 daga ciki da rauni a ido, kuma ƙiyasi ya nuna dubbai ne suka haɗiyi ƙwayar. An bi sawu zuwa wata madatsar ruwan sha da ba a tacewa, wadda maguna na gida da na daji ke yawo a bakinta. Sinadarin kilorin da ake zuba wa ruwa ba ya kashe wannan ƙwai. Tacewa mai kyau ko tafasawa ke maganinsa.

A kudancin Birazil kuwa, a garin Erechim, wani bincike da aka buga a 1992 ya duba mutum fiye da 1,000, ya tarar kashi 17.7 cikin 100 na da tabon cutar a ido. Kafin nan, koyarwar da ta yi ƙarfi ita ce kusan duk mai irin wannan tabo da shi aka haife shi. Erechim da Victoria suka rusa wannan, suka nuna cewa babba ma na iya kamuwa yau, idonsa ya taɓu.

Mutum biyu ne suka fi shiga haɗari. Na farko mai juna biyu da ta kamu karon farko tana da ciki. Idan a farkon cikin ne, tsallakawa zuwa jariri ba ta da yawa, amma in ta tsallaka ɓarnar mai tsanani ce: ɓari, ko taruwar ruwa a kai, ko makanta. Idan a ƙarshen ciki ne, ta fi saurin tsallakawa, yaron ya fito kamar lafiya, sai ya girma idon ya fara ba shi matsala. Saboda haka Ostiriya a 1975 da Faransa a 1978 suka shigar da gwajin cutar cikin awon ciki. Na biyu shi ne wanda garkuwar jikinsa ta faɗi. A shekarun 1980, da ƙanjamau ta bayyana, likitoci suka riƙa ganin tsofaffin ƙulle-ƙullen nan suna farkawa a ƙwaƙwalwar marasa lafiya.

SAURAN MASU SATAR GANI

Duk da wannan dogon labari, ba mage ce ta cika unguwannin makafi na biranenmu ba. Tun kafin zuwan Turawa makafi suna da yawan da har sarakuna ke naɗa Sarkin Makafi, kuma daga cikinsu aka samu malamai da mawallafa irin su Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Agana da ƙyanda sun makantar da yara ba adadi. An shelanta kawar da agana daga duniya a 1980. Ƙyanda kuwa har yanzu tana nan, kuma idan ta samu yaron da jikinsa ke ƙarancin bitamin A, takan bar masa hakiya.

Amosanin ido yana cikin tsofaffin cututtukan da aka rubuta. Takardun likitancin Masar na wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun ambace shi. Sojojin Faransa da na Ingila da suka yi yaƙi a Masar daga 1798 zuwa 1801 sun koma gida da ciwon ido mai yaɗuwa, abin da ya taimaka wajen buɗe asibitin ido na Moorfields a Landan a 1805. Sai a 1957 Tang Feifan ya iya raino ƙwayar a Beijing. Ƙuda da hannu da tsumma ke kai ta daga idon yaro zuwa na wani. Kamuwa a kai a kai na sa cikin fatar ido ya yi tabo ya tsuke, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido har ta dushe. Maganinsa huɗu ne tare: 'yar tiyatar fatar ido, maganin sha, wanke fuska, da tsaftar muhalli. Da su Ghana ta kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018.

Makantar kogi kuwa tsutsa ce da wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ke ɗauka. A 1915 Rodolfo Robles ya danganta tsutsar da ciwon ido a Guatemala, a 1926 Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa ƙudan ne ke yaɗa ta. Ta kori ƙauyuka daga ƙasa mai albarka a bakin koguna. A 1974 aka fara gagarumin shirin feshin koguna daga sama, da hedikwata a Wagadugu, a ƙasashe bakwai har da Nijar da Ghana, daga baya suka zama 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shirin ya hana mutum 600,000 makancewa kafin rufe shi a 2002. A 1987 kamfanin Merck ya yi alƙawarin ba da maganin Mectizan kyauta. Maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar kuwa tana iya kai shekara 15, shi ya sa ake sha duk shekara ba fashi. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar.

Babbar mai laifi dai ita ce yanar ido. Tsohuwar dabara ita ce a soka tsinke a ture yanar ta faɗa cikin ido. Wajen shekara ta 1000, Ammar bin Ali al-Mausili, wanda ya yi aiki a Masar, ya bayyana yadda ake zuƙo yana mai laushi da allura mai rami. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya fara ciro ta gaba ɗaya. A 1949 Harold Ridley, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya binciki makantar kogi a arewacin Ghana, ya fara dasa ɗan gilashin roba a madadin wadda aka cire, a Landan. Ya samo tunanin ne daga matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu ya zauna ba tare da kumburi ba.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi yawa. Yanar ido ce sanadin kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kusan kashi 17. Kashi 84 na makantar irin wadda ake iya hanawa ko warkarwa ce. Binciken ya kuma tarar cewa fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, ta tsohuwar hanyar turewa aka yi, kuma yawancinsu ba su samu gani mai amfani ba. Wannan kuwa a ƙasar da ke da asibitin ido na ECWA a Kano tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Hawan jinin ido shi ne mafi ha'inci. Ba ciwo, ba ja, yana cin ganin gefe sannu a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ciwon suga ma haka yake lalata jijiyoyin bayan ido a ɓoye.

TO YAYA ZA MU YI DA MAGE?

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki sanda. Shafa mage ba ita ce hanyar kamuwa ba, kuma addini ya yi gargaɗi mai tsanani a kan azabtar da ita. Kashe maguna ma ba zai tsarkake ƙasar da ƙwai ya riga ya zauna ba, sai dai ya ba ɓeraye sarari. Tarihin da muka bi shi ne ya nuna ƙofofin, kuma kowacce tana rufuwa. Tunda ƙwan sai ya kwana kafin ya nuna, a kwashe kashin mage kullum, kuma ba mai juna biyu ce za ta kwashe ba. A hana maguna kashi a tarin yashin da yara ke wasa, a rufe rijiya da randa da buhun hatsi. Tsire ko balangun da cikinsa ke da ja a mayar da shi wuta. Mai yanka ɗanyen nama ta wanke hannu da wuƙa da sabulu. Latas da kabeji da karas a wanke su sosai, madarar akuya a tafasa, ruwan da ba a yarda da shi ba shi ma a tafasa.

Wanda kuma ya fara ganin hazo ko ɗige-ɗige masu yawo, ya nufi likitan ido a makon, kada ya tsaya ɗiga ruwan ganye ko na albasa. Wanda ya haura 40, musamman mai ciwon suga ko wanda wani a gidansu ya makance, ya je a auna masa ido ko da ba ya jin komai. Tsohon da yana ta rufe wa ido a kai shi asibiti. Aikin ba ya cin awa guda, kuma mutane da yawa da aka fidda rai da ganinsu suna komawa gona da kasuwa da ƙafarsu.

Allah ya tsare mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.